Gandu Ya Watse, Kunya Ta Saura

Babu koken da ya fi yawa a bakin uwaye a yau kamar na cewa yaran zamani sun daina jin magana. Ana yin sa a majalisar dattawa bayan la'asar, ana yin sa a taron uwayen ɗalibai, ana yin sa a wurin suna da wurin zaman makoki, daga Yamai har Damagaram. Su kuwa yaran, idan aka ba su dama suka buɗe baki, nasu koken guda ne: ba a sauraron mu, ba a san halin da muke ciki ba. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. A ganina akwai tambayar da ta riga maganar biyayya zuwa, ita ce: wane aiki ne ya rage wanda uba da ɗa, ko uwa da ɗiya, suke yi tare? Domin biyayyar da muke kewa a gona ta tsira, a bakin turmi ta girma, a gefen akushi ta nuna. Idan wuraren nan sun kau, wajibi ne mu tambayi kanmu ko adalci ne uba ya ci gaba da neman amfanin gonar da ya daina shiga.

Makarantar da ba ta da allo

Gidan Bahaushe na karkara, kamar yadda kakanninmu suka san shi, gandu ne. Maigida da ƙannensa da ƴaƴansa, masu aure da marasa aure, suna noma babbar gona guda a ranakun da aka keɓe mata, hatsin ya shiga rumbu guda, daga cikinsa a ci da gida, a biya haraji, a yi wa saurayi auren fari. Sauran lokacin kuma kowa ya nufi gamanarsa, wadda wasu ke kira gayauna, ya noma abin da zai rufa wa kansa asiri. Tsarin nan yarjejeniya ce mai ɓangare biyu: ɗa ya ba da ƙarfinsa, uba ya ɗauki nauyinsa.

Amma gandu ya wuce hanyar samun abinci. Makaranta ce wadda ba a rubuta darasinta. Ranar shuka, babba yana gaba da sungumi yana sara, yaro yana biye yana zuba iri yana rufewa da diddige. Ba a ce masa komai game da haƙuri ba, amma ya ga yadda ake sake shuka idan ruwan fari ya yaudari mutane. Ba a karanta masa babin amana ba, amma ya ga maƙwabci ya ari hauya ya maido ta. A wajen mata ma haka abin yake: yarinya ta koyi surfe da daka da tankaɗe kafaɗa da kafaɗa da uwarta, kuma a tsakanin saukar taɓarya da tashinta ake faɗa mata abubuwan da ba a faɗa a zaune. Da dare yara su kewaye kwano guda, ƙarami ya koyi barin nama sai babba ya raba. Bayan nan a taru wurin tsohuwa, ta buɗe jakar Gizo da Ƙoƙi, a yi kacici-kacici har barci ya kwashe mutane.

Abin lura a nan shi ne, yaron gandu yana ganin gwanintar ubansa da idonsa kowace rana. Da uban ya ce a yi kaza, yaron ya san mai maganar ya iya abin da yake faɗa. Umarni da misali a jiki guda suke tafiya.

Hikimar kunya

Sai dai kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Uban gandu ba abokin hirar ɗansa ba ne. Al'adarmu ta gina katanga tsakanin mahaifi da abin da ya haifa, ta sa mata suna kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ba ya wasa da shi a gaban jama'a, ba a yabon ɗa a kan idonsa, saurayi ba ya haɗa ido da mahaifinsa balle ya kawo masa zancen yarinyar da yake so.

To yaya aka yi katangar nan ba ta zama kurkuku ba? Dalili shi ne gidan yana da ƙofofi da yawa. Kaka abokiyar wasan jika ce, tana kiran sa mijinta, yana tsokanar ta, kuma a cikin wasan nan yake amayar da abin da ke cin ransa. Kawu yana nan, gwaggo tana nan, ƙanen uba yana nan. Maganar da ba ta iya tafiya kai tsaye daga ɗa zuwa uba sai ta zagaya ta bakin ɗayansu, ta isa a tace. Wato an raba aikin tarbiyya ne: wani ya riƙe kwarjini, wani ya riƙe sakin fuska, wani ya riƙe sasanci. Shirun da ke tsakanin uba da ɗa kuwa, aikin gona yana cika shi. Mutum biyu da suka wuni suna noma kunya guda ba su rasa sanin juna, ko da kalma goma ba ta shiga tsakaninsu ba.

Yadda igiyar ta tsinke

Gandu bai watse dare ɗaya ba, kuma ba yaran yau ne suka watsa shi ba. Masu bincike irin su Guy Nicolas da Claude Raynaut, waɗanda suka zauna a ƙasar Maraɗi a shekarun 1960 da 1970, tun a lokacin sun ga yadda kuɗi ke sassauta shi: harajin da ake biya da tsaba, noman gyaɗa don sayarwa, da saurayin da ya gane zai iya tara kuɗin aurensa da kansa. Sai fari ya zo a 1973 da 1974, ya dawo a 1984, rumbun maigida ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka. Jama'a kuma tana ƙaruwa alhali gona ba ta haihuwa: ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen miliyan 5 a Nijar, ta 2001 ta sami miliyan 11, ta 2012 ta sami miliyan 17. Gonar da ta ci da gida guda aka raba ta gado bayan gado har ta koma ƴan filaye. Samarin Adar da na Gobir da na Damagaram suka kama hanyar cin rani, wasu Kano da Legas, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ta ƙara matsa wa magidancin birni, ya zama mai fita da asuba ya dawo bayan isha.

Makarantar boko ta zo da nata rabon. Ta ɗauki yaro daga safe zuwa yamma, ta ba shi ilimi cikin harshen da mafi yawan uwaye ba su ji, ta mayar da shi gida da littafin da babu mai iya duba masa. Injin niƙa ya rage wa mata wahala, abin godiya ne, amma ya tafi da wani yanki na hirar bakin turmi. Talabijin ta karɓe daren tatsuniya. Wayar salula, wadda ta shigo ƙasarmu a 2001, daga baya ta raba wa kowa nasa allon, ta yadda mutum biyar za su zauna a tabarma guda kowa yana wata duniya dabam.

Yanzu mai karatu ya dubi gidan haya mai ɗaki biyu a Yamai ko Maraɗi. Kaka tana ƙauye. Kawu yana wani gari. Gona babu. Abu guda ne ya biyo iyalin nan birni bai ɓata a hanya ba, shi ne kunya. Uban yana riƙe da nisan da ya gada daga ubansa, amma ba shi da gonar da ke cike nisan, ba shi da tsohuwar da ke isar da saƙo. Abin da ya rage tsakaninsa da ɗansa shi ne kuɗin karin kumallo, da tambayar sakamakon jarrabawa, da faɗa idan an yi laifi. Katanga ta tsaya, ƙofofin sun toshe. Wannan shi ne ciwon da muke kira rashin biyayya.

Amsoshi biyu da ba su kai ba

Amsa ta farko da ake bayarwa ita ce a ƙara matsi. Masu wannan ra'ayi suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai mai tanƙwara icce hannunsa yana jikin iccen, yana jin inda zai lanƙwasu da inda zai karye. Wanda ya tsaya daga nesa yana ba da umarni ba tanƙwarawa yake yi ba. Mu da ke tsaye gaban allo mun san irin yaron da matsi kaɗai ya rena: a gida kamar ruwa ya ci shi, a waje kuwa wani mutum ne dabam. An sami shirunsa, ba a sami zuciyarsa ba.

Amsa ta biyu ita ce sallamawa. A ce zamani riga ne, kowa da irin tasa, yaro ya fi mu sanin duniyarsa, a bar shi. Wannan tana kama da sauƙin kai, amma a ƙarƙashinta gudun nauyi ne. Yaron da uwayensa suka janye ba ya zama ba mai tarbiyya; wani ne zai karɓi aikin, ko fada ta bakin titi, ko baƙon da ke magana da shi ta cikin waya, wanda ba ya ƙaunar sa kuma ba zai amsa tambaya a kansa gobe ba.

Amsoshin nan biyu, duk da sun yi hannun riga, abu guda suka haɗa: kowace tana ba uba damar zama a inda yake ba tare da ya motsa ba. Alhali addini da al'ada duka sun ɗora wa haihuwa haƙƙi ta fuska biyu. Kamar yadda uwaye ke da haƙƙi a kan ƴaƴa, haka ƴaƴa ke da nasu a kan uwaye, kuma na ƴaƴan ne ke fara hawa wuya, tun ranar da ba su san komai ba.

Girma da nisa

Na san abin da wani dattijo zai ce: idan uba ya sauko ya zauna da yara, raini zai shiga. Tsoron nan yana da tushe, domin mun ga gidajen da sakin fuska ya zama sakaci. Amma ya kamata mu rarrabe abu biyu da muka daɗe muna haɗawa, wato girma da nisa. Nisa hanya ce da wani zamani ya bi don kare girma. Shi kuwa girma asalinsa ɗaukar nauyi ne, shi ya sa aka ce babba juji ne. Uban gandu da ke gaba da sungumi bai yi nisa da ɗansa ba, taku biyu ne tsakaninsu, kuma ƙurar da ta bule shi ba ta rage masa kwarjini ba.

Akwai kuma karin maganar da muke yawan jifan yara da ita, cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Har gobe gaskiya ce a kan abin da ya shafi halin mutane, da ƙarshen al'amura, da abin da gaggawa ke haifarwa. Amma adalci ya sa mu yarda cewa yau akwai abin da yaro ke gani wanda babba bai taɓa gani ba. Ɗalibar aji uku na kwaleji tana karanta takardar likita, tana aika kuɗi ta waya, tana gane saƙon ƴan damfara tun kafin ubanta ya gama murna da shi. Saninta bai soke hikimarsa ba, hikimarsa kuma ba ta wadatar da shi daga saninta ba. Gidan da ya ƙi haɗa biyun nan yana tafiya ne da ido guda.

Darasi daga gonakin Maraɗi

Ƙasarmu tana da misalin sauyin da ba ya yiwuwa sai gida ya yi shi tare. Shekaru da dama manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa fes, ya sare duk wani toho kafin damina. Haka uba ya koya, haka ya koya wa ɗansa. Daga 1983, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma cewa kututturan sabara da kalgo da ke cikin gonakinsu suna da rai, in an zaɓi toho kaɗan aka gyara aka bari, za su koma itatuwa. Da farko an yi wa masu gwadawa dariya, an ce gonarsu ta ƙazanta. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, manoma suka sa masa suna sassaben zamani. A shekarun 2000 masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, har da dazuzzukan gawo na Matamai da Magarya da Mirya.

Abin da ya shafe mu a labarin nan shi ne yanayin aikin. Toho ba ya zama icce da umarnin maigida kaɗai. Sai saurayin da ke riƙe da gatari ya yarda ya tsallake shi, yaron da ke kiwon awaki ya kau da su, matar da ke neman iccen girki ta haƙura shekara biyu ko uku. Kuma kafin duk wannan, sai dattijon ya yarda a gaban ƴaƴansa cewa abin da ya gada yana bukatar gyara. Bai zubar da girmansa da yin haka ba, inuwa da abincin dabbobi da taki ya samar wa gidansa. Bai jefar da gonar kakanninsa ba, hanyar riƙe ta ya sake.

Sabon gandu

Ba za mu maido da gandun jiya ba, ƙasar ma ba ta isa ba. Abin da za mu iya shi ne mu nemo ayyukan da za su tsaya a matsayinsa, waɗanda babba da yaro za su sa hannu a ciki kowa yana da abin bayarwa. Ba su bukatar dukiya.

Na farko shi ne kwano. Iyalin da ke cin abinci tare ko sau ɗaya a wuni, waya tana ajiye, sun riƙe ginshiƙi guda. Na biyu shi ne darasi. Uban da bai shiga lakwal ba yana iya cewa ɗansa ya fassara masa da Hausa abin da aka koya yau. Yaron da ya bayyana wa ubansa dalilin husufin wata ya fahimci darasin sau biyu, uban kuma ya shiga ɗakin da aka daɗe da rufe masa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma babu dokar da za ta kai harshen gida cikin karatun yaro idan gidan da kansa bai tambaye shi me ya karanto ba.

Na uku shi ne babban hutu, wanda ya faɗo daidai da damina. Ɗan birnin da ya yi wata guda a ƙauye yana noma tare da ƴan uwansa ya san daga inda tuwo yake fitowa, kuma zai fi amfana idan uban ya bi shi ko na mako guda ne, ya gan shi riƙe da hauya. Na huɗu, ita wayar da muke zargi tana iya zama igiya: jika ya ɗauki muryar kakarsa tana tatsuniya ko tana jero sunayen dangi, a aika wa yayan da ke Libiya ya saurara. Haka nan kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana cikin ƴan abubuwan da har yau ke tara tsoho da yaro gaban akwati guda, kowa da gwaninsa, a yi musu ba tare da an ɓata ba. Zumunta kuwa a ƙafa take: yaron da ake tafiya da shi gaisuwar Salla da dubiya da ta'aziyya yana koyon abin da babu littafin da ya ƙunsa.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne shawara. Idan za a sake gida, ko albashi ya kasa, ko ana maganar ci gaban karatun ɗiya da maganar aurenta, yaran da suka yi hankali suna da haƙƙin a zaunar da su a gaya musu gaskiyar halin da ake ciki, a ji ta bakinsu, ko da hukuncin ƙarshe na uwaye ne. Sauyin da aka yi wa yaro bayani yana ɗaukar sa a matsayin kayan gida da ya kamata ya sa hannu a ɗauka. Wanda aka ɓoye masa kuwa yana jin sa kamar dutsen da ya faɗo masa a ka.

Za a ce talaka ba shi da lokacin wannan duka. Amma sau da yawa talakan ne ma ya fi kusa da gandu: tela da ɗansa a gefen keke, mai tuyar ƙosai da ɗiyarta a bakin kasko, maƙeri da yaronsa a wurin zuga. Abin da ya rage musu shi ne kada aikin ya cinye karatun yaron, kuma kada ya zama umarni zalla babu hira. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ma'aikacin da ya biya kuɗin makaranta mai tsada ya ɗauka ya gama sauke nauyi.

Rabonmu

Mu malamai da ƙungiyoyin al'adu muna da hannu a cikin nisan nan, don haka muna da rabo a gyaransa. Aikin gidan da muke bayarwa yana iya zama wanda ba ya yiwuwa sai an tambayi uwa ko kaka: sunayen itatuwan garinsu, tarihin unguwarsu, yadda aka tsira a shekarar yunwa. Taron uwayen ɗalibai yana iya wuce karɓar kuɗi da karanta laifuffuka. Dandalin wasan kwaikwayo, wanda ƴan wasan Damagaram irin su Yazi Dogo suka nuna mana ƙarfinsa, yana iya ɗora uba da ɗa a fage guda su faɗi abin da kunya ta hana su faɗa a zaure.

Kunya ado ce, ba na kiran a tuɓe ta. Ina cewa ne kawai an ɗinka ta don gidan da ke da gona da kaka da kawu, kuma wanda ya rasa waɗannan dole ya buɗe wata ƙofa da hannunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle jinkar gidan da iskar zamani ke kaɗawa ta kowace kusurwa. Uban da ke son a bi shi gobe, sai ya nemi kunyar da zai shiga gaba yau, ɗansa yana biye da iri a hannu. Allah ya shirya mana zuriya, ya shirya mu tare da su.